Shin rubuta "ba a mayar da kuɗi" a shafin sana'ata zai kare ni a gaban doka?

Maman Ummi, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana doka da kuma waɗanda suka riga ni shiga kasuwancin intanet. Ina sayar da huluna da manyan riguna masu aikin hannu waɗanda nake karɓowa daga wajen maɗinka a cikin Birnin Zariya, sai kuma shadda da yadi. Mafi yawan masu sayen kayana suna Abuja da Legas da Fatakwal, suna ganin hoto a WhatsApp ko Instagram su turo kuɗi, ni kuma in kai kaya tashar Kwangila a yi musu webil.

Kwanan nan ƙanena ya buɗe mini shafin intanet na kaina inda mutum zai zaɓi kaya ya biya kai tsaye, kuma a can ƙasan shafin ya sanya rubutu uku da Turanci waɗanda ya samo kyauta: ɗaya na sharuɗɗan ciniki, ɗaya na tsare bayanan kwastoma, ɗaya kuma na kuɓutar da kai daga alhaki. Da na sa aka karanta mini su a tsanake, sai na ji an ce duk rigimar da ta taso za a warware ta ne bisa dokar jihar Kalifoniya ta Amurka, abin da bai kwanta mini ba ko kaɗan. Tambayoyina su ne: shin waɗannan rubuce-rubuce dole ne ga ƙaramar sana'a irin tawa? Idan na rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, kuma ba a mayar da kuɗi, hakan zai kare ni? Idan kaya ya ɓace a hannun direba, asarar ta wane ce? Ina kuma shirin ƙara zuma da man kaɗanya a cikin kayan da nake sayarwa, an ce mini sai na rubuta cewa babu ruwana da duk abin da ya sami wanda ya yi amfani da su. Allah ya saka da alheri.

Barista, Kongo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da cire waɗannan rubuce-rubuce ukun tun yau, domin an tsara su ne don wata ƙasa da wata doka, kuma suna ɗora miki alkawuran da ba ki san kin ɗauka ba. Ciniki tsakanin mai sayarwa a Zariya da mai saye a Abuja dokar Najeriya ce take hukunta shi, ko an rubuta sunan Kalifoniya ko ba a rubuta ba.

Dokar da ta fi shafar ki ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Ba ta ware ƙananan 'yan kasuwa ba, saboda haka tana aiki a kan mai sayar da hula ɗaya kamar yadda take aiki a kan babban kamfani. Sashe na 129 ya haramta duk wani sharaɗi da yake neman raba mai saye da haƙƙinsa na dawo da kaya mai aibi, ko wanda yake neman wanke ɗan kasuwa daga asarar da ta biyo bayan mummunan sakacinsa, kuma irin wannan sharaɗi ɓatacce ne ko da mai saye ya amince da shi. Amsar babbar tambayarki ke nan: kalmar "ba a mayar da kuɗi", idan aka rubuta ta haka kawai babu togaciya, ba za ta kare ki ba.

Sashe na 122 kuwa kamar don masu ciniki daga nesa aka rubuta shi, domin ya yi magana a kan kayan da mai saye bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa. Idan kayan ya iso ya tarar bai dace da bayanin da aka yi masa ba, ko kuma bai dace da samfurin da aka nuna masa ba, yana da haƙƙin ya ƙi karɓa cikin lokacin da hankali zai ɗauka, a mayar masa da kuɗinsa cikakke. Sashe na 132 ya ƙara da cewa kayan da ya gaza ingancin da ya kamata ana iya dawo da shi cikin wata uku daga ranar da aka damƙa shi, a gyara, ko a musanya, ko a biya.

Sai dai kada wannan ya tsorata ki, domin akwai fili mai faɗi da doka ta bar miki. Dokar ba ta ce duk wanda ya canja ra'ayi, ko matarsa ta ce launin bai yi mata ba, dole a karɓi kaya daga hannunsa ba. Kina da damar rubuta cewa rigar da aka ɗinka bisa awon da mai saye ya turo ba a karɓarta saboda canjin ra'ayi, kuma yadin da aka riga aka yanka ba ya dawowa sai in aibi aka samu a jikinsa. Wanda ya ba da oda sannan ya fasa, sashe na 120 ya ba shi damar fasawa, amma ya ba ki damar cire kuɗi daidai gwargwado saboda fasawar. Nan ne amfanin shafin sharuɗɗa yake, ya fayyace waɗannan iyakoki tun kafin rai ya ɓaci.

Abu na gaba, wanda na ga ya fi kayar da mutane, shi ne lokacin da aka nuna sharaɗin. Sashe na 128 ya ce duk sharaɗin da yake rage alhakin ɗan kasuwa dole a jawo hankalin mai saye gare shi a fili, kafin ya shiga cinikin ko a nemi ya biya. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce da ake koya wa ɗaliban shari'a tun a darasin kwantiragi. A wata shari'a ta Ingila da aka wallafa hukuncinta a 1949, tsakanin wata mata mai suna Olley da otal ɗin Marlborough Court, an sace mata kaya masu tsada a ɗakinta, otal ɗin ya kafa hujja da sanarwar da ke manne a cikin ɗakin wadda ta ce ba ya ɗaukar alhakin sata. Kotu ta ce an riga an ƙulla yarjejeniya tun a wajen karɓar baƙi, kafin matar ta shiga ɗakin ta ga sanarwar, don haka sanarwar ba ta hau kanta ba. Haka abin yake ga sharaɗin da aka buga a bayan rasit, ko aka ɓoye a ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Ki sa ƙanenki ya tsara shafin ta yadda mai saye ba zai iya biya ba sai ya ga sharuɗɗan ya danna alamar amincewa da kansa. A WhatsApp kuma, ki tura taƙaitattun sharuɗɗan kafin ki tura lambar asusu, ki jira ya rubuta cewa ya amince, sannan ki adana hirar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika ƙa'idojinsa.

Game da zuma da man kaɗanya, babu wata sanarwa da za ta maye gurbin rajistar NAFDAC ga abinci ko man shafawa da aka ƙunshe aka sa wa suna ana sayarwa. Kada kuma ki rubuta cewa suna warkar da wata cuta a sama, sannan ki rubuta babu ruwanki a ƙasa, domin maganar sama ita za a riƙe ki da ita. Ki kuma yi wa sunan sana'arki rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, idan ba ki yi ba, ki sa sunan da lambar rajistar da adireshinki a shafin.

Baban Sadiku, Sabon Gari

Barista, Allah ya ƙara basira, bayani ya gamsar. Amma ina so in faɗi abin da muke gani a kasuwa, domin ni takalma da jakunkunan fata nake aikawa Kudu, kuma na san dalilin da ya sa 'yan'uwanmu suke rubuta "ba a dawo da kaya". Ba duka ba ne don zalunci. Akwai mai sayen da zai karɓi babbar riga ranar Alhamis, ya sa ta ya je ɗaurin aure ranar Asabar, ranar Litinin ya kira ya ce aikin bai yi masa ba, ga ƙamshin turare a jikinta. Ƙaramin ɗan kasuwa da jarinsa bai taka kara ya karya ba, idan aka yi masa haka sau biyu a wata ya durƙushe.

Abin da na ga yana rage wannan, Hajiya, shi ne hujja tun kafin kaya ya bar hannunki. Ki ɗauki bidiyon kayan da rana a fili, gaba da baya da ciki, ki tura wa mai saye kafin a ɗaure, ki sa ya tabbatar da cewa shi ne abin da ya zaɓa. Ki rubuta a sharuɗɗanki cewa aikin hannu ne, ba a samun biyu da suka zama ɗaya sak, kuma launi yana iya ɗan bambanta da yadda allon waya ya nuna shi. Wannan gaskiya ce, kuma mai hankali zai karɓe ta. Ki nemi ya sanar da ke da hoto da zarar ya buɗe kaya idan ya ga matsala. Awon hula kuwa ki sa ya rubuto lambarsa da hannunsa, kada ki karɓa ta baki a kiran waya.

Maganar webil ita ce mai wuya. Direban da ke tasha ba ya ba da takardar da ta wuce lambar wayarsa da lambar mota, wani lokaci ma kwali yakan kwana a tashar Legas kafin mai shi ya zo. Ni tsarina shi ne, idan ni na zaɓi motar kuma na karɓi kuɗin mota daga hannun mai saye, to kaya yana wuyana har ya isa hannunsa, in ya ɓace ni zan bi direba ta hannun shugabannin tasha, shi kuma in biya shi. Idan shi ya ce in ba wa wani direba da ya sani, nakan rubuta masa cewa daga lokacin da na miƙa kaya ya fita daga hannuna, ya amsa, sannan in miƙa. Ga kaya masu tsada, gara kamfanin aika saƙo mai ba da rasit da lambar bibiya, ko da kuɗinsa ya fi yawa.

Malam Na Gyallesu

Bismillahi. Malama mai tambaya, abin da Barista ya kawo daga dokar ƙasa yana da asali a cikin fiƙihunmu, kuma ya kamata mu sani domin Musulmi ba ya auna cinikinsa da tsoron hukuma kaɗai. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai sayarwa ta intanet ya fi kowa shiga ƙarƙashin wannan hadisi, domin mai sayensa ba ya iya sa hannu a cikin tarin, hoto da bayanin mai kaya su ne idonsa.

Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, da sharaɗin cewa idan ya zo ba bisa siffar da aka faɗa ba, mai saye yana da zaɓin ya mayar. Haka kuma wanda ya sami tsohon aibi a kaya, wanda ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Shi kuwa cewar mai sayarwa "na barranta daga duk wani aibi", malamai sun tattauna shi tun da daɗewa. Hanafawa sun sassauta a kansa, amma a mazhabarmu, bisa mashhurin zance, irin wannan barranta ba ta amfanar mai sayar da kaya irin su tufafi, balle a ce ya san aibin ya yi shiru. Asalin ƙa'idar shi ne hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram.

Akwai wata mas'ala da ba a ambata ba, kuma tana shafar masu karɓar odar ɗinki, wato kuɗin kafin alƙalami da ake cewa idan mutum ya fasa ba za a mayar masa ba. Mafi yawan malamai, har da Imamu Malik, sun hana mai sayarwa ya cinye wannan kuɗi haka kawai, Imamu Ahmad kuwa ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauki halascin a zamanta na 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Abin da na fi natsuwa da shi ga irin sana'arki shi ne ki rubuta cewa wanda ya fasa kafin a yanka yadi za a mayar masa da kuɗinsa, wanda ya fasa bayan an fara aiki kuma za a cire abin da aka riga aka kashe na zare da ladan maɗinki, a ba shi ragowar. Allah ne mafi sani.

Yayar Nana, Samaru

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. 'Yar'uwa, ni aikina gina shafukan intanet ne, kuma zan tsaya a kan rubutu na biyu, na tsare bayanan kwastoma, domin shi ne aka fi rainawa alhali shi ne doka ta fi fito da shi fili. Duk wanda ya sayi kaya a wajenki ya bar miki sunansa, lambar wayarsa, adireshin gidansa, wani lokaci har da awon jikinsa da hoton rasit mai ɗauke da lambar asusunsa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa mai karɓar irin waɗannan bayanai ya sanar da mai su ko shi wane ne, me zai yi da su, wa zai ba wa, har zuwa yaushe zai ajiye su, da kuma cewa yana da haƙƙin ya nemi a gyara ko a goge, ko ya kai ƙara hukumar. Kafin ita akwai ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, ta fitar a 2019. Tarar da dokar ta tanada ga wanda ba ya cikin manyan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumomin ma sun nuna da gaske suke, domin a watan Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a kan batutuwan da suka haɗa da bayanan 'yan Najeriya.

Shafinki ba sai ya yi tsawo ba, amma dole ya faɗi abin da kike yi a zahiri. Idan kina ba direba lambar wayar mai saye, ki rubuta haka. Idan biyan kuɗi yana bi ta Paystack ko Flutterwave, ki rubuta cewa su ne suke karɓar bayanan kati, ke ba kya ganin su. Sannan akwai ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare a tsakaninmu waɗanda suke saɓa wa dokar: jefa lambar kwastoma cikin zauren talla na WhatsApp ba tare da an tambaye shi ba, inda kowa yake ganin lambar kowa, da kuma ɗora hoton hirarsa ko na alat ɗinsa a sitatus da sunansa a fili domin a nuna ana ciniki. Ki nemi izini tukuna, ki rufe suna da lamba, kuma wanda ya ce a daina turo masa talla a daina. Wannan ya fi muhimmanci ga mata masu saye, waɗanda lambarsu kan faɗa hannun wanda zai dame su.

Maman Ummi, Tudun Wada

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri. Barista, saura tambaya ɗaya da ba a taɓa ba. Yawancin masu sayen huluna Hausawa ne mazauna Kudu, wasunsu ba sa karanta Turanci sosai. Idan na rubuta sharuɗɗan da Hausa, kotu za ta karɓe su? Kuma wace kotu zan ambata a madadin waccan ta Amurka?

Barista, Kongo

Za ta karɓa, Hajiya. Babu dokar da ta ce yarjejeniya sai da Turanci take inganta, abin da ake yi shi ne a fassara takardar idan an je kotun da take aiki da Turanci. Hasali ma sashe na 114 na dokar 2018 ya buƙaci bayani ya zo cikin harshe mai sauƙi wanda mai saye na yau da kullum zai fahimta, kuma sharaɗin da mutum ya karanta da harshensa ya amince ya fi wuyar musantawa. Idan kina da masu saye Yarabawa da Ibo ma, ki sa Hausa da Turanci gefe da gefe, ki tabbatar ma'anarsu ɗaya ce, ki faɗi wanda za a bi idan sun saɓa.

Ki rubuta cewa dokar Najeriya ce take hukunta cinikin, cewa za a fara neman sulhu ta lambar da kika bayar cikin kwanakin da kika ƙayyade, in ya gagara a je kotun da take da hurumi a Jihar Kaduna. Kada ki rubuta cewa mai saye ba shi da damar kai ƙara FCCPC, domin wannan haƙƙi ne da sharaɗi ba ya soke shi. Ki sa kwanan wata a saman shafin, duk lokacin da kika canja wani abu ki adana tsohon, saboda sharuɗɗan da ke aiki ranar da mutum ya biya su ne za a hukunta cinikinsa da su. Idan kin rubuta daftarin da kalmominki, bisa yadda kike aiki da maɗinkanki da direbobinki, ki kai wa lauya ya duba kafin ƙanenki ya ɗora shi.